Abubuwan Da Suka Faranta Maka Rai A Wata: Yadda Za Ka Mai Da Su Hanyar Kula Da Kanka Da Kuma Abin Rubutawa

Idan aka tambaye ka yanzu abin da ya fi faranta maka rai a watan jiya, da wuya ka amsa nan take. Sai ka yi jim, ka ɗaga kai sama, ka ce "to, ban da lafiya..." ka tsaya. Da za a tambaye ka abin da ya ɓata maka rai kuwa, amsa na bakin harshe, har da rana da sa'a. Haka zuciya take, tana riƙe ƙaya ta saki fure. Wannan jagora tana nuna yadda za ka riƙa kama furen kafin ya faɗi, sannan ka yi masa aiki iri biyu: ka yi masa tambayoyi irin na mai horar da mutane kan kula da lafiya da walwalarsu, kuma ka rubuta shi irin rubutun mai ƙaga labari ko waƙa.

Shi wannan mai horarwa, a nan zan riƙa ce masa koci, kamar dai na ƙwallo. Koci ba likita ba ne, ba ya gano cuta kuma ba ya rubuta magani. Aikinsa ya yi maka tambayar da za ta sa ka ji amsarka da kunnenka, game da barcinka, motsa jikinka, hutunka da mu'amalarka da mutane. Marubuci kuma aikinsa lura. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu ba sa iya aiki da maganar gama-gari. Ka ce wa koci "ina son in samu natsuwa", zai ce yaushe rabonka da ita, a ina kake, wa ke kusa da kai? Ka ba edita jimla mai cewa "ranar ta yi daɗi", shi ma tambayar da zai yi ke nan. Shi ya sa jerin abubuwan da mutum ya fi so a wata yake zama kayan aiki ga su biyun.

Dabarar jerin kanta tsohuwa ce. Wajen shekara ta 1000, wata mata mai suna Sei Shonagon da ke hidima a fadar sarauniyar Japan ta cika littafinta da irin waɗannan jeri: abubuwan da ke sa zuciya bugawa, abubuwan ƙyama, abubuwan da suke da wuyar samu. Har yau ana karanta ta, domin cikin jerin nata ana ganin mace mai rai da ido mai kaifi.

Mataki na farko: wuri ɗaya tak

Ka nemi littafi ɗaya, ko shafi ɗaya a wayarka, wanda ba ya wani aiki sai wannan. Ni na fi son takarda, saboda waya na da ƙofofi da yawa, ka shiga don rubuta layi ɗaya ka fito bayan rabin sa'a ba ka rubuta komai ba. Amma wanda ka san za ka buɗe shi ne ya dace da kai. Ka rubuta sunan watan a saman shafi. Shi ke nan wannan matakin.

Mataki na biyu: tara ɗanyen kaya tun watan bai ƙare ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira ranar ƙarshe ta wata a ce za a tuno. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye wata guda yadda ya gudana. A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai sanyin digiri 14 na tsawon daƙiƙa 60. A wani zagayen kuma suka yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara musu 30 yayin da aka ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, alhali wahalarsa ta fi yawa, don kawai ƙarshensa ya fi sauƙi. Muna auna abu ne da inda ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare. Watan da ya yi maka kyau makonni uku ya ƙare da rigima, za ka tuna shi a matsayin watan rigima.

Don haka ka ware rana ɗaya a mako, minti goma, ka rubuta abu uku zuwa biyar da suka yi maka daɗi a kwanaki bakwan da suka wuce. Akwai dalilin da ya sa na ce mako-mako. A binciken da Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa a 2003, ɗaliban da suka riƙa rubuta abu biyar na godiya sau ɗaya a mako har makonni goma sun fi jin daɗin rayuwarsu, kuma sun fi motsa jiki, a kan waɗanda aka sa su rubuta abubuwan da suka dame su. Sonja Lyubomirsky da abokan aikinta kuma sun gwada sau ɗaya a mako da sau uku a mako na tsawon makonni shida, sai ga shi masu sau ɗaya ne suka amfana. Abin da ake yi kullum yakan koma kamar cike fom, hannu na rubutu zuciya na wani wuri.

Yadda za ka rubuta layin shi ne babban abu. Kada ka rubuta "na yi hira da ƙanwata". Ka rubuta "Laraba da dare, na yi minti arba'in a waya da ƙanwata, ta tuna mini sunan da muke kiran tsohon kekenmu, na yi dariya har na zauna a ƙasa." Rana, wuri, abu ɗaya da ido ya gani ko kunne ya ji. Sannan ka ƙara rabin layi a kan abin da ya jawo shi: "saboda na kashe talabijin da wuri." Wannan ƙarin na aro shi ne daga atisayen da Martin Seligman da abokan aikinsa suka gwada a 2005, inda mutane suka riƙa rubuta abu uku masu kyau kowane dare na mako guda tare da dalilin faruwarsu, aka kuma ga tasirin bai gushe ba bayan wata shida. Rabin layin nan na dalili shi koci zai kama daga baya, don haka kada ka tsallake shi.

Mataki na uku: ranar zaɓe

A kwana biyun ƙarshe na wata, ka samu sa'a ɗaya da ba mai kiranka. Ka karanta duk abin da ka tara, da murya idan da hali. Za ka samu layi goma sha biyu zuwa ashirin. Ka zaɓi biyar. Idan ka ga dama bakwai, amma kada ka wuce nan, domin zaɓen shi ne aikin. Wanda ya ce komai ya yi masa daɗi daidai wa daida bai duba da kyau ba.

Ka bar jerin ya cakuɗa: wani abu da ka karanta ko ka saurara, wani wuri da ka zauna, wata magana da aka faɗa maka, wani abu da jikinka ya yi, wani abu da ka daina. Na ƙarshen nan mutane ba su cika tuna shi ba, alhali sau da yawa shi ne gwarzon watan. Daina kwanciya da waya a hannu na iya fin duk wani sabon abu da ka fara.

Sharaɗi biyu nake bi, kuma ina ba ka shawarar su da gaske. Na ɗaya, aƙalla uku cikin biyar su zama abin da ba saye aka yi ba. Irin wannan jeri na saurin komawa tallar kaya, kuma jerin kaya ba ya gaya maka komai game da kanka sai abin da ka kashe. Na biyu, ka rubuta shi kamar ba wanda zai gani. Da zarar ka fara tunanin mai karatu tun a nan, za ka sa littafin da kake ganin ya kamata a ce ka so a madadin barcin ranar da ya dawo maka da hankalinka. Ƙarya kaɗan a wannan matakin tana lalata duk abin da zai biyo baya, kamar likitan da aka ba sakamakon gwajin wani.

Mataki na huɗu: zama da koci a kan takarda

Yanzu ka ɗauki abu ɗaya daga cikin biyar ɗin, wanda ya fi ba ka mamaki. Ka raba shafi gida biyu, koci a dama, kai a hagu. Za ka yi tambaya, za ka kuma amsa.

Wata dabara da ke taimakawa ita ce koci ya kira ka da sunanka, ya ce maka "kai" ko "ke". Ethan Kross na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa mutanen da suka yi wa kansu magana da sunansu kafin wani abu mai tayar da hankali, kamar jawabi a gaban mutane, sun fi natsuwa a kan waɗanda suka riƙa cewa "ni". Mutum ya fi iya ba abokinsa shawara a kan kansa, sunan kuma yana mai da kai abokin na ɗan lokaci.

Tambayoyin kuwa, mafi yawan masu wannan sana'a suna bin wani tsari mai hawa huɗu da ake kira GROW (haruffan farko na sunayen hawan da Turanci), wanda John Whitmore ya yaɗa a Ingila ta littafinsa na 1992: me kake so, yaya abin yake a yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wanne za ka ɗauka. A nan za mu fara ne daga hawa na biyu, domin jerin naka ya riga ya nuna abin da ke aiki. Ga misalin yadda zaman zai iya kasancewa, a ce abin da ka zaɓa tafiyar ƙafa ce da yamma:

Koci: Sau nawa ka yi tafiyar nan a watan?
Kai: Sau huɗu, ina jin.
Koci: Me ya bambanta ranakun nan huɗu da sauran?
Kai: Na tashi aiki a kan lokaci. Kuma ban zauna ba da na shigo gida, na sauya takalmi kawai na fita.
Koci: Mene ne ainihin abin da ya yi maka daɗi, tafiyar ko wani abu a cikinta?
Kai: Shirun. Ba wanda ke neman wani abu a wurina.
Koci: A ina kuma kake samun irin wannan shirun?
Kai: Babu.

Ka ga inda tambaya huɗu suka kai ka. Ka shigo da "ina son tafiyar ƙafa", ka fita da "minti talatin a rana nake buƙata da ba wanda ke neman komai a wurina, kuma ba ni da su." Wannan binciken ba wanda zai yi maka shi.

Akwai wata tambaya da nake ƙauna, daga salon tattaunawa da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 wajen aiki da masu fama da shaye-shaye, daga baya suka faɗaɗa shi da Stephen Rollnick. Koci zai ce, daga 0 zuwa 10, yaya muhimmancin ƙara yawan wannan abu a wurinka? Ka ce 6. Sai ya ce, me ya sa ba ka ce 3 ba? Lura da wayon tambayar. Da ya ce me ya sa ba 9 ba, sai ka fara jero uzuri. Da ya tambayi ƙasa, sai bakinka ya fara jero dalilan da suka sa abin ke da muhimmanci, kuma dalilin da mutum ya furta da kansa ya fi wanda aka ɗora masa zama.

Abu ɗaya kocin nan ba zai taɓa yi ba: faɗa. Idan ka ji muryar da ke dama ta fara cewa "ai kai kullum haka kake", to wani ne ya karɓe kujerar. Ka ja layi, ka sake tambaya da "me" ko "yaushe" ko "ta yaya".

Mataki na biyar: sallami koci, ka kira marubuci

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne haɗin yake ɓaci idan ba a kula ba. Koci yana son a kai ga mataki. Marubuci yana son a tsaya a cikin lokacin. Idan ka bar su a ɗaki ɗaya, kowane labari zai ƙare da "daga nan na koyi cewa", kuma babu abin da ke kashe rubutu kamar wannan jimlar. Don haka ka raba su da lokaci. Ka tashi, ka zaga, ko ma ka bari sai washegari.

Ka sa agogo minti ashirin. Ka ɗauki abin nan da ka yi wa tambayoyi, ka rubuta shi a matsayin fage guda: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, abin da ya faru daga farko zuwa ƙarshe. Dokar ita ce ba za ka ambaci sunan abin da ka ji a zuciya ba. Babu "farin ciki", babu "natsuwa", babu "kwanciyar hankali". Dole hannu da ido da kunne su ɗauki nauyin. Dubi bambancin waɗannan biyun.

Na farko: "Tafiyar yamma tana sanya ni cikin natsuwa kuma tana rage mini gajiyar aiki."

Na biyu: "Wayar na aljihun wandon da na cire. Sai da na wuce kwana ta biyu hannuna ya daina lalubenta. Wani yaro na jan kwali da igiya yana yi masa ƙarar mota da baki, ya tsaya ya ba ni hanya kamar direban gaske. Inuwata ta riga ni isa bakin gada."

Na farko kowa ma zai iya rubuta shi, ko bai taɓa fita ba. Na biyu sai wanda ya je. Kuma ka lura, hannun nan da ke laluben waya ya faɗi abin da koci ya gano, ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba.

Idan fage ya gundure ka, ka sauya siga daga wata zuwa wata. Ka rubuta wa abin wasiƙa, kana ce masa "kai", ko da kujera ce ko bishiya. Ka ba wani mutum ƙagagge abin da ya faru da kai, ka sauya masa shekaru da sana'a, ka ga me zai yi da shi wanda kai ba ka yi ba. Ka yi baiti biyar, kowane abu a jerin da baitinsa, ka ɗaure su da amsa-amo ɗaya. Ko ka rubuta ranar da abin bai samu ba, domin wani lokaci rashin abu ne ke nuna siffarsa. Ƙagaggen mutumin nan na da wani amfani na musamman: abin da kake jin nauyin faɗa da bakinka, shi zai faɗe shi ba kunya, kai kuma ka karanta ka gane naka ne.

Kada ka gyara komai cikin minti ashirin ɗin. Gyara na zuwa bayan kwana biyu ko uku, kuma mafi yawansa yanka ne. Ka fara duba sakin layi na farko da na ƙarshe. Na farko yawanci share murya ne kawai, na ƙarshe kuma koci ne ya leƙo ta taga yana son ya yi bayani. Ka cire su ka karanta, sau da yawa za ka ga rubutun ya fi tsayuwa da ƙafarsa.

Mataki na shida: abu ɗaya mai nauyi

Jerin abubuwan daɗi kaɗai na iya zama labule. Shi ya sa a ƙasan shafin kowane wata nake barin wuri ga abu ɗaya da ya yi nauyi. Ba dole a taɓa shi kowane wata ba. Idan ka ji a shirye kake, akwai hanyar da aka daɗe ana gwadawa.

A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall sun wallafa binciken da suka yi da ɗalibai 46 a wata jami'a a jihar Texas ta Amurka. Sun sa su rubutu na minti 15 kwana huɗu a jere. Wasu sun rubuta abubuwa marasa muhimmanci, wasu kuma sun rubuta wani abu mai ciwo da ya same su. Waɗanda suka haɗa abin da ya faru da yadda suka ji game da shi sun tashi daga rubutun da ɓacin rai, amma a watanni shidan da suka biyo baya sun fi ƙarancin zuwa asibitin makaranta. Daga baya Pennebaker ya lura cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda kalmomi irin su "saboda" da "na gane" suka riƙa ƙaruwa a rubutunsu daga rana zuwa rana, wato labarin na samun tsari a hannunsu. Gaskiya kuma a faɗe ta: da Joanne Frattaroli ta tattara bincike 146 a kan wannan hanya a 2006, ta samu amfanin na nan amma ƙarami ne. Taimako ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Yadda ake yi: minti 15 zuwa 20, kwana uku ko huɗu, ba tsayawa, ba kula da ƙa'idar rubutu, kuma don kanka kaɗai. A nan dokar mataki na biyar ta juye, ka kira abin da ka ji da sunansa. Idan raunin sabo ne, ka bari ya ɗan kwana biyu. Idan kana cikin rubutun ka ji abin na neman fin ƙarfinka, ka ajiye alƙalami, wannan ma cikin ƙa'idar yake.

Ga kuma abin da nake so ka riƙe da muhimmanci. Idan mako biyu ko fiye suka wuce ba ka samu ko layi ɗaya da za ka sa a jerin ba, abubuwan da ka saba so duk sun zama ba ɗanɗano, barci da kuzari sun rikice, to ka wuce wurin littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa ɓacin rai ko rashin jin daɗin komai, kusan kullum har aƙalla mako biyu, cikin manyan alamomin ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani. Ka ga likita ko ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan tunanin cutar da kanka ya zo, ka gaya wa wani a ranar, kada ka jira. Littafin naka zai yi amfani a can ma, domin zai nuna makon da shafi ya fara zama fari.

Mataki na bakwai: gwaji ɗaya na wata mai zuwa

Koci ya dawo, na minti biyar kacal. Daga duk abin da ka gano, ka fitar da gwaji ɗaya, ka rubuta shi da sigar "idan... to...". Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam daga Jamus, ya bayyana a 1999 yadda niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri take fin niyyar da aka bari sake cika. "Zan riƙa tafiya" buri ne. "Idan na shigo gida ranar Litinin, Laraba da Asabar, to zan sauya takalmi in fita kafin in zauna" shiri ne, kuma ka ga daga bakinka aka ɗauko shi a mataki na huɗu.

Ka sa shi ƙarami har ka ji kamar ya yi kaɗan. Ma'aunan da masana suka bayar, kamar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya a 2020, ko barcin sa'a bakwai zuwa sama a dare, suna nuna maka alƙibla ne. Wanda ke kan sifili ya fara da minti goma.

Kuma kada ka sauya gwajin don kawai wata ya sauya. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 na tsawon makonni goma sha biyu suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a. Tsaka-tsakin lokacin da ɗabi'ar ta ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wato gwaji ɗaya na iya cin wata biyu ko uku, kuma hakan daidai ne.

Idan za ka nuna wa mutane, ko kana horar da wasu

Abin da za ka fitar shi ne jerin biyar ɗin da rubutun mataki na biyar bayan gyara. Zaman koci da shafin abu mai nauyi naka ne. Idan wani ya fito a rubutun ta yadda za a gane shi, ka nuna masa kafin kowa ya gani.

Ga wanda sana'arsa ce horar da mutane kuma yana rubutu, nan akwai amana mai girma. Labarin da wani ya ba ka a zaman horo nasa ne, ko da ka sauya suna, domin mutum na gane kansa cikin layi biyu. Ka raba littafin zaman horo da littafin rubutunka, kada ka ɗebo daga wancan ka zuba a wannan sai da izini bayyananne. Idan ka ba wanda kake horarwa aikin rubutu, ka gaya masa tun farko cewa ba sai ya karanta maka ba, kuma kada ka gyara masa jimla. Tambayarka ita ce me ya lura da shi yayin da yake rubutawa.

Bayan wata uku

Ka ɗauko shafukan wata uku ka shimfiɗa su gefe da gefe, da alƙalami mai wani launi. Ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ya maimaitu: sunan mutum, lokaci na rana, wuri, ko wani aiki da hannunka ke yi. Ka duba rabin layukan nan na dalili, ka ƙirga wanda ya fi fitowa. Sannan ka duba abin da kake ba mafi yawan lokacinka amma bai taɓa shiga jerin ba ko sau ɗaya, ka rubuta shi a gefe da alamar tambaya, domin shi ne abin da koci zai fara da shi a zama na gaba. Rubuce-rubucen mataki na biyar guda uku kuma ka karanta su a jere, ka ga ko mutum ɗaya ne ke magana a cikinsu, ko akwai wani hoto da ke ta dawowa yana neman labari mai tsawo. Idan akwai, ka ba shi shafinsa daban. Daga nan ka buɗe sabon shafi, ka rubuta sunan wata na huɗu a sama, ka sa ranar da za ka yi minti gomanka na farko.